Masanin da ya kasa kunne ga ƙwaron wake

Duk wanda ya taɓa ajiye wake a ɗaki ya san wannan rana. Kaka ta wuce, hunturu ya wuce, bazara ta kunno kai, maigida ya ce a kwance buhun nan na bayan ƙofa a ɗebo tiya biyu a kai kasuwa. Uwargida ta tura hannu ciki, sai ta ji ɗumi kamar ta dafa goshin mai zazzaɓi. Ta zaro hannun ya yi fari fat da gari, ga wani wari na tashi, ga 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa suna bin yatsunta. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗaga a hasken rana: huda uku, zagayayyu tsaf, kamar da allura mai zafi aka yi su. "Malam, waken nan fa ya tafi." Haka maganar take fita, ko a Kwanyawa ta Ƙaraye, ko a Zarewa ta Rogo, ko a can Tasawa ta ƙasar Nijar.

Ɓarnar ba a ɗakin ta faro ba. Tun wake na gona, kwanson ya fara bushewa, uwar ƙwaron take sauka ta liƙa ƙwanta, don haka tare da ɓarawon ake roro, tare da shi ake sussuka, a ɗinke buhu yana ciki. Masana suna kiransa Callosobruchus maculatus, kuma wani ɗan ƙasar Danmak mai suna Fabricius ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1775. Ɗan dangin buzuzu ne, wato ƙwarin nan da fikafikansu na sama suka taurare kamar sulke, dangin da aka ƙirga masa nau'i kusan 400,000 a duniya. Girmansa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen takan saka ƙwai da dama, har ya tasam ma ɗari, ɗaya bayan ɗaya a bayan ƙwayar wake, kowane kamar ɗan ɗigon kakin kyandir. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta ko leƙo waje: ta ƙasan ƙwan take hudawa ta shige cikin waken, ta ci, ta girma, ta rikiɗa, bayan mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi ta ture 'yar ƙofar da ta yanka ta fito cikakken ƙwaro. Shi wannan da ake gani yana yawo mako ɗaya ne ko biyu ya rage masa, kuma ba ya bukatar ci ko sha kafin ya hayayyafa. Mai cin waken yana ciki, inda ido ba ya kaiwa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sai a yi zuriya biyar ko shida a buhu ɗaya, kuma ɗumin da uwargida ta ji numfashin dubban tsutsotsi ne.

A ƙasar Ƙaraye da Rogo masara da dawa ne ke cika rumbu, rake na kawo kuɗi, masu kusa da madatsar Challawa na noman rani, amma wake shi ne asusun gida. Harawarsa da kowarsa na tumaki ne, ƙwayarsa ta ƙosai ce da ɗanwake da alale da garau-garau, kuma shi ne abin da mace kan ɓoye don ranar suna ko ranar asibiti. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, fiye da tan miliyan 3 a shekara, Nijar na biye da ita. Sai dai ɗan ƙwaron nan ya daɗe yana tilasta wa manomi zaɓi tsakanin abu biyu marasa daɗi. Ko dai ya sayar da kaka, lokacin da kowa ya kawo kuma farashi ya faɗi warwas, ya dawo da bazara ya sayi iri a hannun wanda ya saya masa da tsada. Ko kuma ya zuba magani.

Maganin kuwa an san shi. A da Gammalin ne, yanzu fiya-fiya da 'yan uwanta masu sinadarin dichlorvos, waɗanda ba don abinci aka yi su ba, sai kuma ƙwayar Phostoxin da ake ƙullewa a tsumma a cusa a buhu, sau da yawa a ɗakin da yara ke kwana, alhali hayaƙinta na iya kashe mutum. A 2008 mutum sama da 100 aka kwantar a asibiti a Bekwarra ta Jihar Kuros Riba bayan sun ci abincin wake, yara biyu suka rasu, har jaridun Kudu suka riƙa cewa wake mai kisa. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda dichlorvos: iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya, amma an samu har 4.6 a wasu kayan. Haramcin na shekara ɗaya ne da farko, aka yi ta tsawaita shi.

To, a kan wannan ɗan ƙwaro wani Ba'amurke, Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue da ke Jihar Indiyana, ya ƙarar da shekara talatin da wani abu na rayuwarsa. Ra'ayin wannan shafi shi ne aikinsa, tare da na abokan aikinsa na Kamaru da Maraɗi da Kano, ya fi shirye-shiryen noma da yawa da aka ƙaddamar da ganga da tutoci amfani ga aljihun talaka, kuma yadda aka yi aikin yana da abin da zai tona mana asiri game da yadda muke auna malaman jami'o'inmu.

Ba shi ne farau ba. G. H. Caswell, wanda ya fara aiki a Ibadan, ya rubuta a 1960 game da wata siffa ta ƙwaron mai iya tashi sama, wadda ke fitowa idan buhu ya cika da 'yan uwanta kuma ya yi zafi, ita ce ke barin ma'aji ta koma gona. Shi ne kuma ya bi diddigin ɓarnar wake a Arewa, rahotonsa ya fito a mujallar binciken noma ta Samaru a 1981. A cibiyar binciken noma ta IITA an tantance dubban ire-iren wake ana neman wanda ƙwaron ba ya so, aka dace da guda ɗaya da aka yi wa lamba TVu 2027, wanda asalinsa waken gargajiya ne daga arewacin Najeriya. B. B. Singh, wanda daga baya ya daɗe a reshen cibiyar na Kano, ya yi aiki da shi wajen haɗa sababbin iri. A Nijar kuma Inezdane Alzouma na Jami'ar Yamai da Jacques Huignard na Faransa sun nazarci wani ɗan uwan ƙwaron, Bruchidius atrolineatus, wanda ke kwanciya ya yi likimo duk tsawon rani har wake ya sake fure.

Murdock ya shigo fagen ne ta wata ƙofa da manomi zai iya yi wa dariya. Shi masanin yadda jikin ƙwari ke aiki ne. A 1987 shi da abokansa suka nuna cewa ƙwari masu sulke da yawa suna narkar da abinci da wani rukunin sinadarai dabam da na yawancin sauran ƙwari, abin da ya shafi duk mai neman irin da zai ƙware musu ciki. Sannan shi da Richard Shade da wani injiniya suka ƙera na'urar sauraro. Ana ɗora ƙwayar wake ɗaya a kan ɗan ƙarfe mai jin motsi, duk cizon da tsutsar ta yi a ciki yana fitar da wata ƙara da ta fi ƙarfin kunnen mutum, na'urar ta kama, kwamfuta ta ƙirga. Suka buga bayaninta a 1990. Da ita aka iya sanin lokacin da tsutsa ke ci, da lokacin da ta yi shiru don tana saɓa, da lokacin da ta mutu, ba tare da an fasa waken ba. Babban mutum da digiri na uku ya zauna yana jin tsutsa na taunar wake! Da a wani wurin ne da an ce ba shi da aikin yi. Wannan na'ura ce daga baya ta warware babbar tambayar.

A shekarar 1987 ɗin ne kuma aka soma wani aiki a Marwa, arewacin Kamaru, da kuɗin hukumar USAID, tsakanin Purdue da cibiyar binciken noma ta Kamaru. Laurie Kitch da Georges Ntoukam na cikin masanan da suka yi aikin a wurin, kuma abin da suka fara yi shi ne zagaya ƙauyuka su ga yadda mutane ke ajiya. Suka tarar ana cuɗa wake da toka, kamar yadda kakanninmu ke yi a tukunya. Maimakon su ce camfi ne, sai suka auna, sakamakon ya fito a 1991: idan toka ta kai kashi 3 a kan wake kashi 4, ƙwaro ba ya iya yaɗuwa, in ta gaza haka, wahala ce kawai. A shekarar ne kuma Murdock da Shade suka nuna cewa zafin da ya kai digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da babba. Daga nan aka fito da shanya ta musamman: a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza wake, a rufe da farar leda mai gani-har-hanji, a naɗe gefuna, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Dabara ta uku ita ce a zuba wake a leda, a ɗaure, a sa a wata ledar, a ɗaure, a ƙara sa wa a ta uku.

Kowace da cikas ɗinta. Toka ta yi wa mai ajiye irin shuka tiya biyar, amma wa zai tara tokar buhu goma? Shanya na son hannu da yawa, kuma in an gama ba a rufe da kyau ba ƙwaro ya dawo. Leda uku ce ta fi sauƙi, sai dai ledar kasuwa sirara ce, mai kaurin da ake bukata kuma babu mai sayar da ita a ƙauye. Haka dabarar ta zauna kusan shekara goma sha biyar, an san tana aiki, an rubuta ta a mujallu, amma yawancin manoma ba su da abin yi da ita. Wannan tsawon zama shi ne ɓangaren labarin da ya kamata a fi karanta wa shugabannin cibiyoyin bincikenmu.

Abin ya motsa ne a 2007, da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 11.4 na shekara biyar. Aka sa wa aikin suna PICS, wato ingantacciyar hanyar ajiyar wake ta Purdue, kuma a wannan karon masanin ƙwari bai tafi shi kaɗai ba: ya tafi da masana tattalin arzikin noma irin su Jess Lowenberg-DeBoer, da masu masana'anta, da dillalai, da gidajen rediyo. Aka daidaita buhun: leda biyu masu kauri a ciki, kowace mikron 80, sai buhun saƙa na waje da ke ɗaukar wahalar ɗagawa da jifa. Nijar da Burkina Faso aka fara, Najeriya ta biyo a 2008 ta hannun IITA da hukumomin raya noma na jihohi, har ƙasashe suka kai goma. Kamfanin Lela Agro da ke nan Kano yana cikin na farko da suka ƙera buhun, daga nan ake loda shi zuwa maƙwabta.

Yadda aka kai shi ƙauye ma abin lura ne. Malamin gona zai zo da kaka, a taru a ƙofar mai gari, wasu 'yan sa-kai su kawo wakensu, a zuba, a ɗaure a gaban kowa. Ba a ce kowa ya yarda ba. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance. Gani ya kori ji: wake na fita fes kamar ranar da aka zuba shi, ga gawarwakin ƙwari 'yan kaɗan a ƙasa. An yi irin wannan taro a ƙauyuka sama da 31,000.

A nan ne sunan Maraɗi ya shigo. Dokta Ibrahim Baoua, masanin ƙwari da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi kafin ya koma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ne ya ɗauki nauyin gwaje-gwaje da yawa a yanayin zafinmu da ƙurarmu, tare da Laouali Amadou. A wani aiki da suka buga a 2012 sun jera hanyoyi shida gefe da gefe na wata biyar: toka, yashi, ƙwayar Phostoxin, ganyen anza, shanyar leda, da buhu mai riɓi uku. Buhun ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da maganin kanti, ba tare da ɗigon guba ba. A 2013 suka fitar da wata takarda da aka gina kacokan a kan tambayoyin da manoman Nijar ke yi game da buhun. Ga wanda ya san yadda ake rubuta takardun jami'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne: tambayar ta fito daga bakin mai gona, malamin ya koma ɗakin gwaji ya nemo amsa. Daga baya suka gwada buhun a kan masara da gurjiya da gyaɗa da 'ya'yan yakuwa, har aka sauya ma'anar sunan ya koma na amfanin gona gaba ɗaya. Na masara ya fi shafar mutanen Rogo, da sharaɗin ta bushe ƙayau kafin a rufe, don danshi a rufaffen buhu ruɓa yake kawowa.

Amma me ke kashe ƙwaron a ciki? Kowa ya ɗauka shaƙewa ce, kuma da gaskiyarsa rabi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Idan aka ɗaure buhu, tsutsotsin da kansu suke zuƙe wanda ya rage, cikin 'yan kwanaki ya faɗo zuwa kashi kaɗan. Da aka sa na'urar sauraron nan, sai aka ji cizon yana raguwa yana raguwa har ya tsaya, ɓarna ta tsaya ke nan tun tsutsar na da rai. Abin da ke ƙarasa ta shi ne Murdock da Baoua da Shade da abokansu suka bayyana a 2012. Busasshen wake ba shi da ruwan kirki, kuma tsutsar ba ta taɓa shan ruwa; yawancin ruwan jikinta tana samar da shi ne idan ta ƙona abincin da ta ci da oksijin. In babu oksijin, babu ruwa. Ƙishirwa ce ke kashe ta, ta bushe a cikin ƙwayar da ta yi wa gida. Shekara ashirin da biyu tsakanin ƙera na'urar da wannan amsa.

Yanzu a juyo gida. Duk wanda ya leƙa mujallun kimiyya na jami'o'in Najeriya zai ga wannan ƙwaro ya fi kowane ƙwaro farin jini. Dalilin a fili yake: kwalba ɗaya da wake kaɗan da ƙyallen rufe baki sun isa a yi kiwonsa, cikin wata guda an samu zuriya. Don haka takardu sun yi yawa a kan garin darbejiya, garin barkono, ɓawon lemo, citta, kanumfari, tafarnuwa, man wannan da tokar wancan. Kusan duka tsarinsu ɗaya: wake giram 20 ko 50 a kwalba, ƙwari goma, a ƙirga matattu bayan kwana huɗu, a rufe da cewa ganyen yana da alamar amfani kuma ana bukatar ƙarin bincike. Ƙarin binciken ba ya zuwa. Ba a kai shi buhu mai kilo 100 ba, ba a kai shi wata shida ba, ba a tambayi mai ƙosai ko ɗanɗanon ya canza ba, ba a lissafa ko nawa za a kashe ba. Takardar ta riga ta yi aikinta, an ƙirga ta a ƙarin girma.

Laifin ba na malaman ba ne su kaɗai, kuma rashin adalci ne a ce ba su da basira. Mutumin da ake bin albashinsa, ɗakin gwajinsa ba wuta, kuma kwamitin ƙarin girma lamba yake ƙirgawa, dole ya yi abin da zai fito cikin wata uku. Ba wanda zai ba shi maki don ya yi shekara biyar yana bin buhu ɗaya daga masana'anta zuwa kasuwar ƙauye. Murdock ma yana da tarin takardu da dubban masu ambatonsu, ba a raina wannan ba. Sai dai in za a auna tasirinsa da gaske, sai an haɗa da ɗaliban Afirka da suka yi karatu a hannunsa, da masana irin su Baoua da suka ci gaba da nasu binciken, da kuma matar da ba ta taɓa jin sunansa ba amma ta kwance buhu a watan Mayu ta sayar da wakenta a farashin bazara. Tsarinmu ba shi da gurbin rubuta wannan na ƙarshen.

Akwai masu ja da wannan yabo, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko, suna. Harafin farko na PICS sunan jami'ar Amurka ne, alhali toshe iska daga hatsi tsohuwar dabara ce: an yi ta da tukunyar da aka liƙe bakinta da laka, an yi ta da durom, ana yin ta da jarka har gobe. Ntoukam da Baoua da Amadou, da Clémentine Dabiré ta Burkina Faso, da Tahirou Abdoulaye da ya riƙe ɓangaren tattalin arziki a IITA, sunayensu na cikin takardun, amma ba su ke kan buhun ba. Wannan gaskiya ne. Abin da binciken ya ƙara shi ne awo: kaurin nawa, riɓi nawa, me ya sa yake aiki, yaushe yake kasawa. Kuma abin kunyar namu ne a ce sai da kuɗin Gidauniyar Gates daga Siyatil aka kai wa manomin Kano buhun da a Kano ake ƙera shi.

Na biyu, buhun ba ya maganin komai. Ya fi buhun gargajiya tsada nesa ba kusa ba, kuma da kaka ake bukatarsa, lokacin da kuɗi ke hannun mai bin bashin taki. Ɓera na huda shi. Tsinke ko tsakuwa a cikin wake na huda shi. Akwai na jabu masu siririyar leda da ke ɓata wa na gaske suna. Gidan da ke ɗiban wake kullum don girki ba zai yi ta kwancewa yana ɗaurewa ba, jarka ta fi masa. Ƙwaron kansa ba kanwar lasa ba ne: Shade da Murdock da Kitch sun nuna tun 1996 cewa yana iya sabawa da TVu 2027 bayan wasu zuriyoyi, kuma a buhu ma wani lokaci yakan huda ledar ciki, ta biyun ce ke ceto.

Na uku shi ne mafi nauyi. Haramcin Turai ya zo ne shekara takwas bayan fara aikin PICS. Wato ilimin ya isa ƙauye amma bai mamaye tsakiyar kasuwa ba, inda babban ɗan kasuwa ke tara buhu dubbai a sito irin na Dawanau, yana lissafin kuɗin leda a kan kowane ɗaya yana kwatanta shi da kuɗin kwalbar magani. Manomin Kwanyawa na iya ajiye nasa da tsabta, ya je birni ya ci ƙosan da aka yi da wanda aka yi wa feshi. Wannan giɓi ba masanin ƙwari ne zai cike shi ba. Aikin hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ne da shugabannin kasuwa da gwamnatin jiha, kuma muddin mai saye ba ya iya bambance wake mai tsabta ya biya ƙari a kansa, mai sito ba zai canza ba.

Abin da ake bukata a nan kusa ba shi da wuyar faɗa. Kano na da reshen IITA, da reshen cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, da cibiyar noman tsandauri ta Jami'ar Bayero, da jami'ar Wudil, da kwalejin noma ta Audu Bako a Ɗambatta, da malaman gona na hukumar raya noma ta jiha, KNARDA. Mutumin Rogo ma Samaru ta fi masa kusa da birnin Kano. Masana ba su yi ƙaranci ba. Amma duk rabon da 'yan siyasa ke yi na farkon damina ne: taki, iri, injin feshi, a ɗauki hoto. Da kaka, lokacin da ake asarar abin da aka riga aka sha wahala a kansa, ba ka ganin kowa. Ƙaramar hukumar da ta tabbatar buhu na gaske yana kasuwannin Ƙaraye da Rogo tun watan Satumba, a hannun 'yan kasuwar da aka sani, ta kuma ba ƙungiyoyin mata shi bashi zuwa bazara, ta yi abin da za a gani a tukunya. Jami'ar da ta ce za ta ƙirga wa malami gwajin da ya yi a sito na gaske, na tsawon shekara, daidai da takardu uku na kwalba, za ta ga irin binciken da ake kawo mata ya sauya cikin 'yan shekaru.

Kafin nan, ga wanda ya samu buhun a bana, ɗaurin yana da ƙa'ida. A bushe waken sosai, a sheƙe shi, a tsince tsinke da tsakuwa. A hura kowace leda a matse a ji ko tana fitar da iska. Mai huda a ajiye ta gefe, ko a liƙe ta da salatif. A sa leda cikin leda cikin buhu, a zuba wake a hankali ana girgizawa, a bar wuya kamar taƙi ɗaya da rabi. A matse iskar da ke sama, a murɗe wuyan ledar ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya ko tsinken roba, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje shi kaɗai. Masu ɗaure ukun a haɗe su ne ke dawowa su ce buhun ƙarya ne. A ɗora shi a kan katako, nesa da bango, a share kewayensa don ɓera. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Wanda za a ci a wata biyu masu zuwa a zuba shi a jarka mai murfi, a cika ta har baki. Sauran kuma a rubuta ranar ɗauri a jikin buhun da gawayi, a gaya wa yara kada wanda ya hau kai.